Malamin Firamare da Zurfin Karatu Kan Yara Masu Buƙata ta Musamman



Maganarmu ta yau a kan yaran da ke zaune a azuzuwanmu ne alhali darasi yana wuce su: wanda ba ya ganin allo, wadda ba ta jin muryar malami, wanda ya shekara uku bai haɗa baƙi da wasali ba. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, ilimin da zai taimaki waɗannan yara sai an bincika shi a cikin harshensu da unguwanninsu, kuma malamin firamare yana cikin waɗanda suka fi cancanta su yi wannan bincike, idan ya samu horo har zuwa digiri na biyu da na uku.

Mu fara da girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. A ƙasarmu, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Janairun 2019 a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Dokar ta tanadi ilimi kyauta gare su har sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu. Kowa a cikinmu ya lissafa makarantun ƙaramar hukumarsa, sannan ya lissafa malaman da ke da wannan horo. Tazarar da zai gani ita ce dalilin jawabin nan.

Fannin yana da tarihi a Nijeriya. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo ta fara aiki a 1977, tana yaye malamai masu NCE a fannin koyar da makafi, da kurame, da masu jinkirin fahimta. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, inda ake karatu har digiri na uku. Tsanin a bayyane yake: mai NCE ya shiga digiri na farko ta hanyar shiga kai tsaye ko ta karatun wucin gadi, daga nan ya nemi digiri na biyu, inda zai yi darussa sannan ya rubuta kundin bincike a ƙarƙashin malami mai duba aikinsa.

Mene ne ake koya a wannan mataki wanda shekaru ashirin na riƙe alli ba su koya mana ba? Ana koyon yadda ake mayar da zato ya zama tambaya mai amsuwa. Dukanmu mun san cewa wasu yara suna barin makaranta bayan rashin lafiya. Mai bincike zai tambaya: su nawa ne, a wane aji, bayan wace cuta, kuma wa ya gwada jinsu? Sanƙarau da ƙyanda suna iya barin yaro da kurumta, yankinmu kuwa yana cikin zirin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin zafi. Yaron da ya dawo aji jinsa ya ragu, sau da yawa sunan da yake samu shi ne daƙiƙi ko mai taurin kai.

Ana kuma koyon awo. Akwai gajerun tambayoyi shida da ƙwararru a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara domin ƙidaya: wahalar gani, da ji, da tafiya, da tuna abu, da kula da kai, da isar da magana. Hikimarsu ita ce ba sa tambayar uwa ko ɗanta naƙasasshe ne, domin uwa kaɗan ce za ta amsa da i. Suna tambayar abin da yake yi masa wuya, da kuma gwargwadon wuyar. Mayar da irin waɗannan tambayoyi zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, sannan a gwada a tabbatar ma'anar ba ta goce ba, aikin bincike ne cikakke. Haka nan ana koyon ladabin aikin: neman yardar iyaye da ta yaron, ɓoye sunansa, da kauce wa yi masa laƙabin da zai bi shi har girma.

Bari mu kawo misalai biyu da ke nuna inda gurbinmu yake. Na farko, maganar kurame. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ya yaɗa a Afirka ta Yamma. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun da daɗewa, wato maganar hannu. Wadda ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000, Bajamushiya ce, Constanze Schmaling. Mun gode mata. Sai dai tambayoyin aji suna nan suna jiranmu. Yaron da ya zo daga gida da maganar hannu, ya tarar da wani yaren hannun a makaranta, yaya ya kamata a fara da shi? Me zai faru da karatunsa idan aka gina a kan abin da ya zo da shi?

Na biyu, wahalar karatu. Mafi yawan binciken da aka yi kan yaran da harafi ke rikitawa an yi shi ne a kan masu karanta Ingilishi, harshen da rubutunsa da furucinsa ke yawan saɓawa. Rubutun Hausa ya fi bin furuci, amma yana da nasa tarkon. Yaron Ingila yana fama da b da d, namu yana fama da b da d da ɓ da ɗ. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu. Kuma yaro ɗaya yana karanta allo daga dama zuwa hagu a wani lokaci na yini, ya karanta boko daga hagu zuwa dama a wani lokacin. Idan aka gwada shi da ma'aunin da aka tsara a wani harshe, me aka auna, naƙasa ko rashin jin Turanci? Malamin aji biyu yana ganin wannan kullum. Abin da ya rage masa shi ne horon da zai mayar da ganinsa hujja.

Mun san abin da ke tare hanya. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantu, malamin firamare ba ya cikin lissafinsa. Namu sai ya haɗa kuɗin makaranta daga albashi, ya nemi hutun karatu, ya bar iyali suna jimrewa. Saboda haka muna roƙon reshe ya ɗauki abubuwa huɗu zuwa teburin tattaunawa. A nemi hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB su ware gurabe na hutun karatu da albashi a kowace shekara ga wannan fanni, bisa sharuɗɗan da kowa ya sani. A nemi duk wanda ya dawo a tura shi inda za a amfana da horonsa, shi kuma ya ɗauki alkawarin yin wasu shekaru a firamare kafin ya waiwayi wani aiki. Reshe ya buɗe ɗan asusu na tallafin zirga-zirga da buga kundi. Sannan duk wanda ya amfana ya rubuta taƙaitaccen sakamakon bincikensa da Hausa a wannan mujalla tamu, domin iyayen da suka amsa masa tambayoyi su ga abin da aka samu.

A wajen zaɓe, a sa 'yan uwanmu malamai masu naƙasa a gaba. Sun san abin daga ciki, kuma ƙasar da ta ga Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa, ba ta da hujjar shakkar basirarsu.

Ga iyalanmu kuwa, matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu, mun san shekarun karatu a kanku nauyinsu yake sauka. Muna neman haƙurinku da shawararku tun kafin a cika takardar neman shiga.

Ga matasan malamai da ke jin shekaru sun ba su dama, ku fara tun wannan zango. Ku buɗe littafi, ku riƙa rubuta abin da kuka lura da shi game da yaran da darasi ke wucewa, da kwanan wata, ba tare da sunayensu ba. Ranar da za a tambaye ku batun da za ku bincika, a cikin wannan littafin za ku same shi.

Allah ya taimaki malamai, ya shiryi yaran da aka ba mu amana.