Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Gangamau

Gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum, ɗan'uwan citta ne, saiwarsa kuma a ke amfani da ita. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, inda har yanzu a ke noma mafi yawan abin da duniya ke ci. Ya kan yi wata 7 zuwa 9 a ƙasa, sa'an nan a tone shi, a dafa, a shanya, a daka. Dukawan ƙasar Hausa sun daɗe suna rina fata da shi.

Abin da ke ba shi launin rawaya shi ne likitoci ke kira kurkumin. Binciken da aka yi ya nuna ya kan rage zafin ciwon gwiwa ga waɗansu mutane, amma sauƙi ne kawai, ba warkewa ba. Jiki ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa shi da masoro ko mai. Wanda a ke zubawa a miya ba ya cutarwa.

Akwai haɗari biyu da ya kamata hakimai su sani. Na fari, gangamau ba ya maganin shawara, ko da ya ke launinsu ɗaya. Shawara sau da yawa alamar ciwon hanta ce, ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi kuwa sun ɓata hantar waɗansu mutane a Italiya a 2019. Wanda idonsa ya yi rawaya, asibiti ne wurinsa, ba da jinkiri ba.

Na biyu, algus. A 2019 masu bincike suka bayyana cewa a Bangaladash a kan shafa wa saiwar wani rini mai dalma don ta yi ƙyalli. Dalma ba baƙuwar masifa ba ce, gama a 2010 ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Wanda ya tsira ma, ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya umarci dagatai da sarakunan kasuwa su gargaɗi talakawa su sayi ɗanyar saiwa su daka da kansu, su guji garin da ba a san asalinsa ba. Malamai kuwa su karanta wannan takarda a gaban jama'a ranar kasuwa. Allah ya ba talakawa lafiya, amin.