Ciwon Hanta da Ranar Haihuwa



Idan aka kawo magidanci Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi ɗorawa, ƙafa ta tasa har in ka danna yatsa sai ya bar gurbi, 'yan'uwansa sukan ce tun bara abin ya kama shi. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu. Binciken likitanci kuwa ya nuna cewa a yawancin irin waɗannan majiyyata ciwon ya shiga jiki shekara talatin ko arba'in da suka wuce, sau da yawa a ranar haihuwa ko cikin ƙuruciya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano a shekarun 1960 har aka ba shi lambar Nobel a 1976, tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowa ya sani. Babba in ya kamu, jikinsa yakan kore ta, ƙasa da mutum 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Jariri kuwa in ya ɗauka wurin haihuwa, kusan 90 cikin 100 za su rayu da ita, tana cin hanta shiru babu zazzaɓi babu ciwo, har hantar ta ƙandare ko ta zama daji. Binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya. Ga kuma mai taya ta ɓarna a rumbunanmu: funfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana fitar da guba mai suna afulatoksin, kuma haɗuwarta da wannan ƙwaya tana ninka haɗarin dajin hanta sau da yawa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wannan yaƙi a ɗakin mai jego ake cinsa ko a faɗi. Allurar riga-kafin tana nan, ta shiga jadawalin yaran Nijeriya tun 2004, kuma ta farko tana da ƙa'ida: a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. To amma yawancin matanmu a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma, kuma al'ada ba ta son a fita da jariri kafin suna. Ranar bakwai kuma wanzami ya zo da askarsa, ya yi aski, ya cire beli, wataƙila da ƙarfen da ya taɓa wani yaro da safe.

Za a ce mutane ba su yarda da allura ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma wanda ya raina wannan tarihi ba zai shawo kan kowa ba. Sai dai wannan allura an daɗe da ganin aikinta. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, dajin hanta ya ragu a tsakanin yaranta. Gambiya, ƙasar Musulmi masu noman gyaɗa kamar mu, ta fara nata nazarin a 1986, yaran da aka yi wa suka tsira daga zama masu ɗauke da cutar.

Za a kuma ce tunda an gama bincike a waje, namu na mene ne? Babu mai bincike a Landan da zai gaya mana jarirai nawa a Ƙofar Sauri ko Rafin Daɗi suka sami allura a ranar farko, ko yawan gubar da ke cikin ƙuli-ƙulin kasuwarmu. Wannan aikin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne da asibitocinmu. A fara da gwada jinin kowace mai ciki wurin awo, a ba wadda ƙwayar ta yi wa yawa maganin tenofobir a watannin ƙarshe, a kuma ba ungozoma lambar ma'aikacin lafiyar unguwa, ta kira shi da zarar an yanke cibiya ya zo da allurar har gida.