Haɗa Faya-fayan Kwamfuta Su Zama Rumbu Ɗaya



Da yawa daga cikinku za a tura ku aiki asibitin tarayya na Birnin Kudu, ko sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram, inda takardun albashi, da na filaye, da na marasa lafiya suke ta komawa cikin kwamfuta. Wata rana faifan ajiya zai cika. Mai gyara zai ce a sayo wasu, a haɗa su, kwamfuta ta gan su kamar faifai ɗaya. Kafin ku sa hannu a takardar kuɗi, ku tambaye shi: wane irin haɗi?

Wannan dabara ana kiranta RAID. Masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, watau Patterson da Gibson da Katz, su suka yayata sunan cikin wata maƙala a 1988.

Mu ɗauka kuna da faifai 4, kowanne tarabait 2. A haɗin da ake kira RAID 0, ana yayyanka kowane fayil a rarraba shi a kansu duka. Za ku sami tarabait 8 cif, da sauri kuma. Amma faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, domin kowace takarda ta rasa wani yanki nata. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ofishin gwamnati ya yarda da wannan ba.

A RAID 1, abin da aka rubuta a wannan faifai shi ake rubutawa a ɗan'uwansa, saboda haka rabin wurin ya tafi.

RAID 5 ya fi ban sha'awa, kuma lissafinsa ɗan firamare ma zai gane. Ku rubuta 3 a takarda ɗaya, 5 a ta biyu, jimlarsu 8 a ta uku. In ta biyu ta ɓace, ai 8 a debe 3 ya dawo muku da 5. Kusan haka na'urar take yi, tana rarraba wannan lissafi a kan faya-fayan duka. Daga tarabait 8 za ku mori 6, kuma in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Sai dai a canja shi nan da nan, don in na biyu ya bi shi kafin a gama sāke ginin, an yi asara.

Saura abin da mai gyara ba ya cika faɗa. Manomin Gwaram ya san rumbuna huɗu a jere gobara ɗaya ce ke cinye su. Faya-fayan nan cikin akwati ɗaya suke, wuta ɗaya suke sha. Tsawar damina, ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi, ko ɓarawo, duka za su tafi tare. Haka kuma in akawu ya goge fayil bisa kuskure, nan take ya gogu a kansu duka. Saboda haka a cikin kuɗin da za ku nema, ku sa na wani faifai dabam, wanda za a riƙa kwafe komai a kansa duk ranar Juma'a, a zare shi, a kulle a wani gini.