Harshenmu Ya Fi Kusa da Madrid



Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a nan Dutse ranar da Real Madrid ta kara da Barcelona ya san yadda sunayen Sifaniyawa ke yawo a bakin yaranmu. Abin da ke damuna shi ne inda suka koyo su. Mai sharhin wasa Bature ne ɗan Ingila, shi ma kame-kame yake yi da sunayen, sai mu kwaso kuskurensa mu ɗora a kan namu. Alhali bakin Bahaushe ya fi na Baturen Ingila dacewa da Sifaniyanci, harshen da mutum kusan miliyan 500 suka tashi da shi.

Mu fara da wasula. Biyar ne kacal, a, e, i, o, u, kuma yadda muke karanta su a boko haka suke faɗinsu. Saboda haka Real ba "Riyal" ba ce kamar kuɗin Saudiyya. "Re-al" ce, wato ta sarauta, laƙabin da Sarki Alfonso na 13 ya ba ƙungiyar a 1920.

Sai harafin v. Shekara da shekaru ana yi mana dariya wai Bahaushe ba ya iya faɗinsa, yana mai da shi b. To, Sifaniyawa ma b suke faɗi. Valencia "Balensiya" ce, Valverde "Balberde". Yaron da ya faɗi haka kada ku gyara masa. Harafin l guda biyu a jere kuwa y ne a bakin mafi yawansu: Sevilla "Sebiya", Villarreal, inda Samuel Chukwueze ya ci kofin Europa a 2021, "Biyarreal". Harafin h ba a furta shi sam, Hernández "Ernandes" ne.

Inda na fi so mu daɗe shi ne j, da g idan e ko i ta biyo ta. Baturen Ingila kan sha wahala a nan domin sautin ba ya cikin harshensa na yau da kullum. Mu kuwa a makarantar allo muka same shi: "kha" ce ta Larabci, wadda malam ke sa almajiri ya maimaita har ta fito daga maƙogwaro. José "Khose", Sergio Ramos "Serkhiyo", Getafe "Khetafe". Haka z, da c kafin e ko i: mutanen Madrid suna faɗinsu kamar "tha" ta Larabci, harshe tsakanin haƙora, amma a Meziko da Ajantina da wasu sassan kudancin Sifaniya s ce zalla. Duk wadda ka ɗauka daidai ce. Ita ma r muna da ita: ta "karatu" za ku ɗauka, ba ta "rana" ba. Idan biyu ce, ko a farkon kalma, a kaɗa harshe kamar a "sharri".

Akwai tsohuwar dangantaka ma. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 zuwa faɗuwar Granada a 1492, sun bar dubban kalmomin Larabci. Shugaban gari a can "alcalde" ake ce masa, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Daga Granada ɗin Abu Ishaƙ al-Sahili ya fito, wanda Mansa Musa ya zo da shi Mali bayan hajjinsa na 1324. Shi kuwa Lamine Yamal, sunansa Laminu ne irin namu, mahaifinsa ɗan Maroko, mahaifiyarsa 'yar Equatorial Guinea, maƙwabciyarmu da ke aiki da Sifaniyanci a hukumance.

Amma kada mu ruɗi kanmu, muna da namu tuntuɓen. Na farko p da f. A Hausa musanya su ba ya ɓata magana, a can kuwa "pino" itace ne, "fino" abu ne siriri. Pedri ba "Fediri" ba ne: a rufe leɓe ruf, sannan a sake shi. Na biyu, muna cusa wasali tsakanin baƙaƙe, mu ce "Madirid". Gaɓa biyu ce, "Ma-drid". Na uku, 'yar alamar da ke kan wasali tana nuna gaɓar da ake dannawa. Almería, inda ɗan Kaduna Umar Sadiq ya yi tashe kafin ya koma Real Sociedad a 2022, a kan "ri" ake danna ta.

A kuma lura, ba kowane suna a gasar Sifaniya ba ne na Sifaniyanci. José Mourinho ɗan Portugal ne, j ɗinsa ta fi kusa da tamu, kuma Xavi sunan mutanen Kataloniya ne mai nasa ƙa'idar. Ina roƙon masu gabatar da labarin wasanni a gidajen rediyonmu na Jigawa su riƙa sauraron yadda ɗan wasa ke faɗin sunansa da bakinsa kafin su hau iska, domin abin da suka faɗa da safe shi yara za su maimaita da yamma.