Wa ke da izinin yi muku allura?



Ba duk mai farar riga ne anfirmiye ba. Sai mutum ya ci jarrabawar BEPC ko BAC, sannan ya yi karatu shekara 3 a makarantar kiwon lafiya, kamar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram. Ba zaman aji kaɗai ba, har da koyon aiki cikin asibiti, gaban manya. Akwai makarantu masu zaman kansu, amma ba su buɗewa sai da yardar gwamnati. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe, shi ke samun takardar shaida.

Mai tallar magani a kasuwa ba ya da wannan takarda. In ya soka allura ba daidai ba, ƙafar yaro tana iya shanyewa. Allura dai, ku tafi gidan likita.