Kuɗin Gyaran Ƙasa Bayan Haƙar Ma'adinai: Yaya Ake Ƙiyasta Shi?



Duk wanda ya baro Gidan Igwai ya nufi Kalambaina, inda ake yin siminti tun 1967, ya san cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya fitowa sai an yaye wadda ke bisansa. Abin da nake so mu duba yau shi ne nawa ake bukata a mai da irin wannan wuri gona ko makiyaya bayan an gama haƙa, da kuma wanda ya kamata ya biya.

Mafi yawan kuɗin wajen jigilar ƙasa yake tafiya. Alal misali, a ce rami ne mai faɗin hekta ɗaya, watau murabba'in mita 10,000, zurfinsa mita 5. Cike shi zai ci ƙasa mita 50,000 na awon ciki, kuma idan tifa tana ɗaukar 10, to sawu 5,000 ke nan. Mai ƙiyasi sai ya san nisan da tifa za ta yi, da man da za ta sha, da awoyin da katafila za ta yi tana baje ƙasa. Idan tulin da aka yaye yana bakin rami, da sauƙi. Idan an kai shi nesa, kuɗin na iya ninkawa. Saboda haka ba kowane rami ake cikewa ba. Wani sai a kwantar da gaɓarsa, a bar shi tafkin ban ruwa.

Sai kuma ƙasar sama, wadda shuka ke ci. Shimfiɗa santimita 30 a kan hektar nan sawu 300 ne kacal, amma fa idan an ware ta gefe tun ranar farko. In an bari ta cakuɗe da tsakuwa, sai an sayo wata daga gonar wani, an gyara nan an ɓata can. Haka kuma a ƙasar Sakkwato, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, dashen dogon yaro ko bagaruwa yana bukatar ban ruwa da shinge da mai gadi na 'yan shekaru. A ganina nan ne masu ƙiyasi suka fi yin sakaci, domin awaki ba sa karanta takardar kwangila.

Akwai kuma lokaci. Ramin da aka buɗe bana wataƙila sai bayan shekara 30 za a rufe shi, kuma kowa ya san abin da ya sami darajar Naira. Dole a riƙa sabunta lissafi, a yi shi bisa farashin da hukuma za ta biya ɗan kwangila idan kamfani ya karye.

Jos ta ishe mu misali. An shekara da shekaru ana haƙar kuza kafin dokar ma'adinai ta 1946 ta zo da maganar gyara, kuma har yau ɗaruruwan tafkunan nan suna nan. Amurka, a dokarta ta 1977, ta tilasta wa masu haƙar kwal su ajiye jingina kafin a ba su izini. Dokarmu ta 2007 ita ma ta tanadi asusun kare muhalli da gyaransa, wanda mai lasisi zai riƙa zuba wa kuɗi, sai dai asusu ba ya wuce ƙiyasin da aka gina shi a kai.

Wani nauyin kuwa ba ya shiga awon tifa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, kuma aikin Bagega bai fara ba sai 2013, da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Don haka ina roƙon ma'aikatan da takardun lasisi ke biyowa ta teburinsu, su nemi sakamakon gwajin ƙasa da na ruwan rijiya kafin su amince da kowane adadi.