Malam-Buɗe-Littafi Da Kifi: Sai Ka San Maƙwabtan Halitta Kafin Ka Iya Kare Ta

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai da suka sha wahalar koyar da mu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Na san da aka ce zan yi magana a kan malam-buɗe-littafi da kifi, wasu sun ce a ransu, ga tsadar rayuwa ta ishe mu, shi kuma ya zo mana da zancen ƙwari. To, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Abin da nake son in nuna guda ɗaya ne, wato ba a iya kare wata halitta, ko a ci moriyarta yadda ya kamata, sai an san da wa take zaune, me take ci, wa kuma yake cin ta. Wanda ya tsallake wannan sani, ko da niyyarsa ta alheri ce, garin gyaran gira zai rasa ido.

Bari mu fara da ƙasar Ingila. Akwai wani irin malam-buɗe-littafi mai shuɗin fiffike da ɗige-ɗigen baƙi da ake samu a kudancin ƙasar. Da aka ga yana ƙarewa, sai masu kishinsa suka ɗora laifin a kan mutanen nan masu kama ƙwari suna ajiyewa don sha'awa. Saboda haka, tun wajen shekarar 1930 aka fara keɓe masa fili, aka kewaye da shinge don kada kowa ya shiga. Aka yi kusan shekara 50 ana wannan ɗawainiya, amma duk a banza, har a 1979 aka ba da sanarwar cewa ya ƙare ƙaf a ƙasar.

Me ya kawo haka? Wani matashin masani mai suna Jeremy Thomas shi ya gano amsar. A cikin shekarun 1970 ya tare kusa da wuri na ƙarshe da ya rage, a yankin Devon, yana ƙidayar ƙwai da tsutsotsi, yana zuba ɓarɓashin kek a ƙasa don ya bi sawun kiyashi zuwa ramukansu. Shi wannan malam-buɗe-littafi yana saka ƙwansa ne a kan tsiron tayim na daji, dangin wanda ake sa wa a girki. Tsutsar ta ci furen kamar mako uku, sai ta faɗo ƙasa. A nan sai ta fitar da wani ruwa mai zaƙi, ta kuma kwaikwayi wari da siffar 'ya'yan jan kiyashi. Shi kuma kiyashin ya ɗauka ɗansa ne ya ɓata, ya kinkime ta ya kai gida. Nan za ta zauna wajen wata 10 tana cinye 'ya'yan masu gidan, kafin ta rikiɗa ta fito da fiffike.

An daɗe da sanin cewa akwai wannan alaƙa. Abin da ba a sani ba shi ne, cikin ire-iren jan kiyashi da ke wurin, iri ɗaya ne tak tsutsar ke rayuwa sosai a gidansa. Sauran ma suna ɗaukarta, amma akasari mutuwa take yi a wurinsu. Shi kuwa wannan iri ɗaya, a ƙasa mai sanyi irin Ingila, ba ya zama sai inda ciyawa take gajera ainun, yadda rana za ta ɗumama ƙasa. Ciyawa ta ɗan ƙara tsawo, ƙasa ta yi sanyi, sai ya yi ƙaura. To, su wa ke rage tsawon ciyawa? Tumaki da shanu da zomaye. Makiyaya sun rage kiwo a kan waɗannan tuddai, sannan a 1953 wata annoba ta shigo ta kashe kusan dukkan zomayen ƙasar. Shingen nan kuwa da aka yi don a kare malam-buɗe-littafi, shi ne ya hana dabbobin shiga. Kun ga ke nan masu ƙaunarsa sun taimaka wajen hallaka shi ba tare da sun sani ba.

Ilimin ya zo a makare, amma bai tafi a banza ba. Aka mai da dabbobi kiwo a wuraren, kiyashin ya dawo. Daga 1983 Thomas da abokin aikinsa David Simcox suka fara kawo iri daga ƙasar Suwidin suna saki. Yau ga shi yana shawagi a wurare da dama a kudu maso yammacin Ingila, kuma wasu tsirrai da ƙwari masu son gajeriyar ciyawa sun farfaɗo tare da shi.

Wannan misali ne na halittar da ta dogara da wanda take ci. Yanzu mu shiga ruwa mu ga yadda mai cin halitta yake gyara mata hali. A 1938 wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya lura cewa idan ya ji wa ɗan ƙaramin kifi rauni ya mai da shi ruwa, sai sauran su firgice su watse. Ashe a fatar irin waɗannan kifaye akwai wani sinadari da ke fita idan an yage ta, 'yan'uwa kuma suna shanshanarsa su gane akwai haɗari. Daga baya aka gano cewa kifi yana koyo da wannan. Idan ya ji warin tare da warin wani baƙon kifi, to, daga ranar ya san wannan abokin gaba ne.

A tsibirin Tirinidad da ke yankin Karebiyan kuwa, Allah ya shirya wa masana wurin gwaji. Akwai ƙoramu masu gangarowa daga duwatsu, a cikinsu akwai ɗan mitsitsin kifi da ake kira gupi. A ƙasan inda ruwa ke zubowa daga kan dutse akwai manyan kifaye masu farautarsa, amma ba sa iya hawa sama. Saboda haka kifi iri ɗaya ne, amma na ƙasa yana cikin fargaba, na sama yana cikin kwanciyar hankali. Na ƙasa suna tafiya a dunƙule cikin garke, mazansu ba su da ado sosai, suna balaga da wuri, su haifi 'ya'ya ƙanana masu yawa. Na sama kuwa suna yawo a warwatse, mazan sun sha ado kala-kala. Wani abin mamaki, idan suka hangi abokin gaba, ba duka ke gudu ba. Ɗaya ko biyu sukan matso a hankali su duba ko yunwa yake ji, kuma waɗanda suka saba da haɗari sun fi sanin su kauce wa wajen bakinsa.

A 1976 John Endler ya ɗebi gupi daga wurin haɗari ya kai su inda babu manyan maharba. Cikin shekara biyu kacal jikokinsu maza suka ƙara ado. David Reznick da abokansa suka ci gaba da bin su, a 1990 suka buga sakamakon shekara 11, wanda ya nuna kifayen sun koma balaga a makare, suna haihuwar 'ya'ya kaɗan amma manya. Amfanin wannan a aikace shi ne, kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki bai san abokin gaba ba, shi ya sa da yawa ke zama abincin wasu da zarar an sake su a kogi. Masana sun gwada koya musu tsoro da wancan sinadari kafin a sake su.

Idan kuna son ganin abin da rashin wannan ilimi ke jawowa, ku dubi Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Kowa a nan ya san giwan ruwa, wanda masunta ke alfahari da kamawa a bikin Argungu. A Tafkin Cadi da Kogin Kwara ɗan gida ne, sauran kifaye sun daɗe da sanin yadda ake zama da shi. Amma a Tafkin Biktoriya baƙo ne. An zuba shi a shekarun 1950 da farkon 1960 don a bunƙasa kamun kifi. A tafkin akwai ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500, mafi yawansu babu su a ko'ina a duniya sai nan. A shekarun 1980 giwan ruwa ya yi yawa ƙwarai, kuma masana sun ƙiyasta wajen iri 200 sun ɓace, ko da yake gurɓacewar ruwa ma ta taimaka. Gaskiya ne an samu kuɗin shiga daga sayar da namansa ga ƙasashen Turai, wasu ire-iren kuma sun ɗan farfaɗo daga baya. Amma irin da ya ƙare, babu kuɗin da zai dawo da shi.

'Yan'uwa, mene ne namu a ciki? Cikinmu akwai manyan jami'an gwamnati, da injiniyoyi, da manoma, da masu gonar kifi. Wata rana takarda za ta zo teburin ɗayanmu, a ce a zuba sabon kifi a dam, ko a hana kiwo a wani daji, ko a yi feshin magani a fadama. Roƙona shi ne, kafin a sa hannu a tambaya, wa ya je ya duba? Har tsawon wane lokaci? An kuma ji ta bakin masunta da makiyayan wurin, waɗanda suka gaji sanin ruwa da daji kaka da kakanni?

Abu na biyu ya shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke makarantar yanzu. Ku lura, binciken da ya ceci malam-buɗe-littafin Ingila bai buƙaci na'ura mai tsada ba, illa ido da littafin rubutu da haƙuri. Torben Larsen, a littafinsa na 2005, ya lissafa kusan iri 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma. Akwai ma wani iri da ke tsallako hamadar Sahara daga Turai ya hayayyafa a yankinmu na Sahel bayan damina. Saboda haka aikin yana nan a ƙofar gidanmu yana jiran masu yi. Ina ba da shawara ƙungiyarmu, bayan gyaran azuzuwa, ta ɗauki nauyin fitar da ɗaliban kimiyya zuwa rafi da daji ko da sau ɗaya ne a zango, ta kuma sa kyauta ga wanda ya fi iya lura da rubuta abin da ya gani. Gani ai ya kori ji.

A ƙarshe, ina jinjina wa malamanmu na kimiyya, waɗanda suke raye Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.